Tsinkayen Watanda

Birnin Kudu,
Litinin, 3 ga Maris, 2025, bayan la'asar

Yaya Batulu,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya Malam Buba da yara? Da fatan ciwon ƙafar Inna ya yi sauƙi.

Ina rubuto miki daga shagon cajin waya, don babu wuta a gida. Wasan wayar da na fara haɗawa tun ina jami'a, na rabon naman watanda, kantin intanet ɗin da ake sauke wasanni ya ƙi karɓarsa. Na ɗauka yankan sa ne zai dame su, shi ya sa ban nuna jini ba. Ashe ƙuri'a ce. Kin tuna yadda marigayi Baba yake yi a Kwandiko: ya kasa nama, kowa ya kawo tsinkensa, a kira mai wucewa wanda bai san na kowa ba ya ɗora a kan kashi-kashi. Haka na sa a wasan. Suka ce an haɗa kuɗi, an bar rabo ga sa'a, wannan caca ce.

Na rubuta musu cewa kashin duk ɗaya ne, ba mai tashi hannu wofi. Amsa ta dawo da kalmomin farko, ko waƙafi bai canza ba. Wai ba hana ni suka yi ba, kayan kantinsu suke zaɓa. Ke ma kina zaɓar abin da za ki kasa a kasuwar Gwaram, amma wanda kika ƙi karɓar kayansa yana da rumfa ta gaba. Nan kuwa kusan duk wayoyin garinmu ƙofa ɗaya suke bi, ta wannan kantin.

Na gaji, Yaya. Ki gaida Inna.

Ƙaninki,
Zulkifli

Birnin Kudu,
Alhamis, 20 ga Maris, 2025, da hantsi

Yaya Batulu,

Gaisuwa mai yawa. Ya azumi, ya jikin Inna?

Saƙonki ya iso, cewa kada in taɓa tsinkayen. Kafin ya zo na riga na cire. Sun karɓi wasan shekaranjiya. Yanzu wanda ya riga taɓa allo shi ke ɗaukar kashin da ya so. Na gwada da abokaina, har biyu suka yi musu a kan tantaƙwashi, abin da ban taɓa gani ba a zauren Baba.

Abubuwan da ban sani ba har yanzu:

Ko mutum ne ya karanta bayanina ko na'ura.
Ko da sun sauko in da na ƙara haƙuri.
Ko Inna ta ji labari.
Ko ya dace in bar rubutun da wasan yake buɗewa da shi, mai sunan Baba, “Rabo irin na Malam Abdulsalami”. Wannan ke za ki faɗa mini, don ni na kasa gogewa.

Ƙaninki,
Zulkifli