Ranar da Ɗan Rakiya Ya Faɗi

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, aikin asibiti kuma yana tafiya daidai. Na ga kiranki, ban ɗauka ba, kuma ba layi ne ya lalace ba. Akwai maganar da in na fara ta a waya za ki fashe da dariya kafin in kai tsakiya, ni kuwa ina so ki ji ta har ƙarshe. Shi ya sa na koma ga sana'ata, na rubuta.

Kin san hukuncin likita a kan bayan Baba: ko dai ya fara motsa jiki a hankali, ko a yi masa aiki. Likitan ya ambaci yoga. Kin kuma san ba ciwon ne ya fi damun Baba ba, kujerar nan ce da yake salla a kanta. Ya ce mini tun da aka ajiye masa ita goshinsa bai taɓa ƙasa ba, kuma ba ya son ya koma ga Allah a haka.

Na yi abin da na iya, wato karatu. Ashe yoga ba abu ɗaya ba ce, gida ce mai ɗakuna. Akwai hatha, wadda ake yi a tsanake, a tsaya a kan kowane motsi a yi numfashi. Akwai vinyasa, motsi na bin motsi ba tsayawa, kamar rawa ba kiɗa. Akwai ashtanga, ta majiya ƙarfi, jeri ɗaya kullum ba a canzawa. Akwai yin, a zauna a miƙe gaɓa a daɗe a haka. Akwai ta hutawa, wadda ake kwanciya a kan matasai. Sai kuma wadda ake yi a ɗakin da aka ɗumama da gangan har ya koma kamar tanda.

Duk na san wannan kafin mu je. Ki ja layi a ƙarƙashin wannan jimlar.

Ta ɗakin zafin na zaɓa. Dalili na farko, ta faɗo daidai lokacin hutun rana, wurin kuma yana saman benen da ke kallon ofishinmu. Na biyu ya fi muni. Kin tuna a gidanmu babu ciwon da ba a yi wa gashi: targaɗe tawul da ruwan zafi, ciwon wuya tawul da ruwan zafi, da Mama, Allah ya jiƙanta, ta sami hanya har faɗuwa jarrabawa sai ta gasa. Sai na ce a raina, ga gashi na jiki gaba ɗaya. Da haka na shawo kan Baba, bai ko yi musu ba.

Ya zo da doguwar riga da hula da safa. Malamar, wadda ba za ta wuce sa'arki ba, ta tare mu a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba, kun taɓa yi? Akwai hawan jini? Wannan ajin ba na masu farawa ba ne." Ni na amsa masa, da muryar da nake mayar wa ƙananan 'yan rahoto da rubutunsu. Na ce, "Mun yi bincike." Ta dube ni, ta dubi Baba, ta zaunar da shi dab da ƙofa inda iska ke shigowa, ta ce ya yi numfashi kawai. Ni kuwa, da cikina fal da abincin rana, na shimfiɗa tabarmata a sahun gaba, gaban madubi, wai don in ƙarfafa masa gwiwa.

Abin da na tuna na ƙarshe, ina tsaye da ƙafa ɗaya, gumi na shiga idona, sai madubin ya fara nisa.

Na farfaɗo a farfajiya, ƙafafuna a ɗore kan benci, na yi amai a rigata. Wadda ke yi mini fifita 'yar rahoton nan ce da na cika wa shafi da jan biro da safiyar ranar, ashe ita ma ajin take zuwa. Har yau in mun haɗu a lif tana tambayata, "Oga, ya jiki?" da fuskar da ba za a kama ta da laifi ba.

Baba yana can gefe, hannu a ƙugu, ya juya fuska bango. Tun ranar ciwon bayan ya ƙara tsanani, a ɗaki yake cin abinci, ya kuma ce ba inda zai sake zuwa, a yanka shi in za a yanka. In na shiga gaishe shi sai ya ƙara muryar rediyo. Fushi yake da ni, kuma yana da gaskiya. Ranar komawa wurin likita tana matsowa. Ki kira shi, ke yana jin maganarki.

Ki gaida abokan aikinki. Ki yi dariyar yanzu, na ba ki izini.

Yayanki.

*

Yaya na kaina,

Gaisuwa da ban girma, da fatan an daina ganin madubi yana nisa. Ya Anti da yara?

Na yi dariyar, ba zan ɓoye maka ba, har shugabar sashenmu ta leƙo ta ga ko lafiya. Haba Yaya! Mutumin da ke kama waƙafi ɗaya da ya ɓata a cikin jarida sukutum, shi ne ya kai tsoho mai ciwon baya tanda? Gashi kuma! Da ka tambaye ni, aikin nan fa shi nake ci da shi. Amma na san ku manya, tambayar ƙanwa zubar da girma ce.

To, dariya ta ƙare. Na kira Baba, mun daɗe a waya. Rahotonka yana da giɓi, Yaya, domin mai rahoton ya suma a tsakiyar labari. Ga abin da ba ka gani ba.

Da ka faɗi, Baba ne ya fara isowa kanka. Daga bakin ƙofa ya ratsa mutane, da bayan nan nasa, ya zura hannu a hammatarka ya ja. Ba ka motsa ba. Ya sake ja, sai wani abu ya tsinke masa a ƙugu, ya durƙushe a gefenka. Malamar ta ce, "Baba, ku matsa." Ita da wasu mata biyu suka kama bakin tabarmar suka jawo ka waje kamar buhu. Shi kuma bango ya dafa ya miƙe, ba wanda ya lura.

Ka tuna sunan da ake kiransa da shi a gareji kafin ya bar aikin kanikanci? Jak. Ka tuna yadda yake tallafe gefen mota a zare taya, mu kuma muna tsaye muna jin kamar mu ne muka yi? Ga abin da ya ce mini, ban ƙara ban rage ba: "Na ɗaga motocin mutane, na kasa ɗaga abin da na haifa. Mata suka ce in matsa."

Ba fushi yake da kai ba. Rediyon nan, idonka ne ba ya iya kallo. Kai kana ɗakinka kana jin kunyarsa, shi yana nasa yana jin taka, Anti kuma tana ta jigilar kwanuka tsakaninku.

Kada ka ba shi haƙuri, ƙara masa za ka yi. Kada kuma ka nuna ka ji wannan daga wurina. Ka koma wurin malamar nan, ka ajiye bincikenka a ƙasan bene, ka tambaye ta ajin da ya dace. Ni ta hutawar nan nake gani, mai matasai. Sai dai Baba ba zai je a matsayin mara lafiya ba, ko da za a ɗaure shi. A matsayin ɗan rakiya kam, zai je. Mara lafiya kuma ai an samu, duk ofishinku shaida ne.

Ka je a auna jininka da gaske, ba wasa nake ba. Mutum ba ya zubewa haka kawai.

A gaida kowa. Allah ya ƙara sauƙi, ku biyun.

Ƙanwarka,
Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, na sami wasiƙarki. Na karanta ta a ofis, na rufe ƙofa, ban iya gyara rubutun kowa ba ranar. A sana'armu babban laifi shi ne ka ba da labarin abin da ba ka gani ba kamar ka gani. Na ce fushi ne, ban tambayi kowa ba.

Na hau benen nan. Ban taɓa sanin yana da tsawo haka ba. Na ce wa malamar ranar nan gaskiya ta gaya mini a ƙofa, ni ne na yi mata girman kai. Ba ta ja maganar ba. Tambayarta ɗaya, "Ya bayan Baba?" Ta ce mu zo ajin hutawa, ta kuma nemi in kawo mata bayanin likita kafin ta bar shi ya yi komai. Na kai.

An auna jinina, ya ɗan hau, don haka ban yi wa Baba ƙarya ba. Na shiga ɗakinsa, rediyo na ta faman labarin wasanni, wanda kin san bai taɓa damunsa ba. Na ce, "Baba, likita ya ce in riƙa zuwa wurin malamar nan, amma ina tsoron in sake faɗuwa a gaban mutane. Ba ni da wanda zai raka ni." Sai ya kashe rediyon ya ce, "Yaushe?"

Wannan ɗakin daban ne. Babu madubi, babu zafi, fanka na juyawa a hankali. An jera matasai da barguna da ɗamaru a jikin bango. Mutanen yawanci tsofaffi ne, sai wata mai juna biyu, sai wani direban bas da wuyansa ba ya juyawa. Baba ya zauna a kujera, ya ɗora hularsa a gwiwa, yana kallonmu muna kwance. Na ji ya ce wa direban, "Wannan ai barci ne aka yi masa malama."

Can sai malamar ta ce kowa ya nemi abokin jingina, a zauna baya da baya, ɗaya ya saki nauyinsa a kan ɗaya. Kowa ya samu, ban da ni. Ta je gaban Baba ta ce, "Baba, ɗanku ba shi da mai riƙe masa baya. Ba ɗagawa ba ce, jingina ce. Za ku taimaka mini?"

Saukowarsa ƙasa ta ɗauki lokaci. Ban miƙa hannu ba, kuma wannan shi ne abu mafi wuya da na yi a duk nau'o'in yogar da na karanta. Ta sa masa matashi ya zauna a kai, ta sa wani ya rungume. Na jingina, amma ina tallafe da rabin nauyina da hannuwa. Ya ji. Ya ce, ƙasa-ƙasa, "Saki jikinka. Ka ɗauka da wa kake zaune?"

Na saki. Ina jin ƙasusuwan bayansa ta cikin riga, ina jin numfashinsa yana ɗaga ni yana sauke ni. Bai gusa ba.

Na ƙarshe, aka ce a durƙusa, a zauna a kan dugadugai, a kifa goshi a kan tarin matasai. Baba ya dubi yadda mutane suka yi, ya kira malamar ya tambaye ta ko akwai abin da ake bauta wa a nan. Ta ce, "A ɗakin nan, Baba, baya ne da numfashi kawai." Ta tara masa matasai har kusan ƙirjinsa. Ya kifa kai. Na juya fuskata, don akwai abin da bai kamata ɗa ya gani ba.

Da muka iso ƙofar gida ya ce ban iya numfashi ba, ina ja kamar injin da ya sha ruwa. Ya shige ɗakinsa. Ban san ko zai koma ba, kuma wannan karon ba zan yi hasashe ba.

Na gode, Auta. Na rubuta wannan kalmar da kaina, ki adana takardar.

Yayanki.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Muna nan lafiya.

Yayanki yana samun sauƙi, amma har yanzu sai na kai shi. Karatu ya yi masa yawa, ko a kwance tunani yake yi. Yana da nauyi kuma, ki gaya wa matarsa ta rage masa mai. Ina riƙe shi dai.

Likita ya duba ni, ya ce a jingine maganar aiki tukuna. Malama tana zare mini matasan nan ɗaya bayan ɗaya. Yanzu saura guda tsakanin goshina da ƙasa. Kujerar sallar tana nan, amma na fitar da ita baranda, yara suna ɗora takalma a kai.

Maganar rakiya, na san dabarar wa ce. Shi bai iya irin wannan ba. Kada ki gaya masa na gane, yaron akwai kunya.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.