Facin Ƙarƙashin Kwale-kwale

Suzhou, 9 ga Maris

Ƙanena Dehai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Meifen. Bayan haka, na zo gidan tarihinku ranar Talata, ban kuma neme ka ba. Tikiti na saya, na bi layi kamar kowa.

Tukwanen tagulla da farantan sarakuna ko kallo ba su ishe ni ba. Zanen masuncin nan na kan siliki na zo gani, mai shekara ɗari shida, wanda jarida ta ce hannunka ne ya ceto shi. Har shago maƙwabta suke biyo ni da jaridar: "Shulan, wannan ba ƙanenki ba ne?" Ƙanena ne mana, wanda na koya wa dama gam ɗin alkama tun yana yawo da majina. Shekara goma sha biyu ina tsaye a teburin Baba muna gyaran tsofaffin zane, amma da zai rasu kai ya miƙa wa buroshinsa. Yau kana taɓa silikin sarakuna, ni ina manna takardun biki a bayan kasuwa. Abin yana cina, ba zan ɓoye maka ba.

To, na ga facinka. Ƙarƙashin kwale-kwalen, ta hagu, bai fi farce ba. Silikin ya fi na kewayensa duhu, zaren ma a karkace yake. Ko minti biyar ban yi ba na gano shi. Ka manta yadda Baba yake sa mu ɓare aiki duka in ya hango faci daga bakin ƙofa?

Ranar sharar kabari, da muke zuwa gyara kabarin iyaye duk shekara, ka zo da buroshin. A gaban kabarin Baba za ka ba ni shi.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Shulan

16 ga Maris

Yaya Shulan,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ban ji daɗi ba da kika zo gari ba ki ci abincin gidana ba. Meifen har yanzu mita take yi.

Idonki yana nan yadda na san shi. Sai dai facin ba nawa ba ne, na Baba ne. Yana rubuce cikin takardun zanen, da hatiminsa. Shekarar da aka haife ni ya yi shi, lokacin da siliki ya yi wuya, sai ya yanko daga shafin rigar auren Mama. An ce in cire, na ƙi.

Facin da ni na yi kuwa, goma sha ɗaya ne a jikin zanen.

Ƙarshen wata za a naɗe shi a mayar ma'aji. Buroshi kuwa zan kawo kamar yadda kika umarta.

Naki mai biyayya,
Dehai

Suzhou, 30 ga Maris

Dehai,

Gaisuwa. Na koma sau uku. Har kujera mai gadin ya kawo mini don tausayi. Ko ɗaya cikin facin naka ban gani ba.

Haushinka nake ji har yanzu, ya ma ƙaru. Bar buroshin a wurinka, ka zo da lemo kawai mu ajiye a kabarin, ka san Baba da lemo.

Na ƙarƙashin kwale-kwalen kuma, kada ka bari kowa ya taɓa shi.

Yayarka