Kwanon da Ba a Mayarwa

Umuahia, farkon Disamba

Uzoamaka ƙanwata,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Ya Legas, ya maigidanki da yara? Na ba direban motar Legas takardar nan ne don idan na kira ki a waya Mama za ta kasa kunne, maganar kuwa ba ta kunnenta ba ce.

A bakin matan coci na ji wai bana ba za a ɗora tukunya a gidanmu ba. Wai kin danna waya daga inda kike zaune, wani kamfani zai dafa shinkafar Kirsimeti, ya zuba a robobi, 'yan babur su raba wa maƙwabta. Sannu, uwar masu kuɗi! Tun rasuwar Baba ni nake shan hayaƙi, ni nake jera kwanuka a kai gida-gida, ban taɓa jin Mama ta ambaci sunana a taron mata ba. Ke daga danna waya, ranar Lahadi har miƙewa ta yi tana cewa, "Uzo ta hutar da mu, ku taya ni gode wa Allah." Ina zaune a bayanta kamar kujera. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Ni ce babba, tukunyar Kirsimeti tawa ce. Ko shawara ai kya nema.

Ki gaida yara.
Yayarki, Obiageli

Legas, tsakiyar Disamba

Daa Obi yayata,

Na gaishe ki da kyau. Haba Daa, daga taimako sai faɗa? Bara da idona na ga ƙafarki ta kumbura, ko sujada ba ki samu kin je ba saboda girki. Bana ki yi kwalliya, ki zauna a layin gaba, ki yi waƙa. Abincinsu mai zafi ne, har cokali da 'yar takardar goge baki suke sawa. Wanda ya ci ya jefar da robar, ba wanki, ba ɓatan murfi, ba rigima da maƙwabciyarmu Mama Chidera a kan kwano.

Mu ba za mu samu zuwa ba, shago ya fi ciniki a wannan mako. Na aika wa Mama atamfa, taki ma tana tafe. Ki daina kumbura.

Ƙanwarki, Uzo

Umuahia, bayan Kirsimeti

Uzoamaka,

Barka da Kirsimeti, in akwai barka.

Na je sujada kamar yadda kika yi umarni. Rabaran ya ce Allah yana da mala'iku birjik da zai iya aikowa, amma da kansa ya zo, ya kwanta a komin dabbobi. Na ce a raina da ma wata tana nan ta ji.

'Yan babur ɗinki sun yi aiki, kafin a tashi daga coci kowane gida ya samu. Mama ta ɗaura atamfarki, ta sa aka fito da kujeru, ta tanadi goro da bammi, ta zauna a baranda tana jira. Ke Legas ta mantar da ke abin da take jira. Wanda aka kai wa abinci shi yake dawo da kwano da ƙafarsa, ya sa lemo ko kwakwa a ciki, ya zauna a yi hira, a yi wa tsohuwa waƙa. Roba kuwa wa zai dawo da ita? Har rana ta faɗi babu wanda ya leƙo. Mama Chidera ta wuce ta bakin titi, ta ɗaga hannu: "Mun ga saƙo, a gode wa ta Legas!" Ko tsayawa ba ta yi ba.

Na ɗauka ranar tawa ta zo. Na tsaya kusa da Mama ina jira ta ce, Obi, da ke kika yi da ba haka ba. Kin san abin da ta ce? "Kada ki gaya wa Uzo, ranta zai ɓaci, yarinyar ta yi ƙoƙari." Tana share hawaye da bakin zaninki, amma ranki take tunani. Ni na kwashe kujerun, ko kallona ba ta yi ba.

To ga shi na gaya miki. Ko kin ɓata, ke ce ta gaban goshi. Ki ji daɗinki.

Obiageli

Legas, sabuwar shekara

Daa,

Na gaishe ki. Takardarki ta zo.

Na kira Mama washegarin Kirsimeti. Ta yi godiya, ta ce abinci ya yi daɗi. Tun daga sallama har ta kashe waya da sunanki take kirana, Obiageli. Haka take yi kullum, ban taɓa gyara mata ba. Ke gani kike ba ta ambaton sunanki, ni kuma nawa sunan nake ta jira in ji daga bakinta.

Ki riƙe tukunyarki. Ki gaishe da Mama.

Uzo