Layin Da Ya Raba Ni Da Rugar Hammadu

Laraba, 8 ga Nuwamba, 2000

Shanun Ardo Hammadu sun shiga gonata yau, kamar kowace kaka. Jiya muka gama kwashe dawa, yau da hantsi sai ga su suna cin kara. Nan za su riƙa kwana har rani ya yi nisa, su bar mini taki. Haka ubansa ya yi da ubana Bawa, ba takarda ba shaida. Na kai masa damin geron da aka saba, matarsa Mairama ta aiko da ƙwaryar nono da curin man shanu.

Ya ƙare mini kallo ya ce, "Ɗan Bawa, tun da anka zaɓe ka kansila tumbi ya hwara hitowa." Na ce ai ƙuri'unku na ci. Muka yi ta dariya. Gaskiya ce kuma, ba don mutanen ruga ba da ban ga kujerar mazaɓar Dogon Marke ba ko a mafarki.

Litinin, 13 ga Nuwamba

A sakatariyar ƙaramar hukuma an ce kwamiti na tafe daga Gusau, za a gyara iyakokin mazaɓu kafin zaɓe mai zuwa. Wai jiha sabuwa, iyakoki tsofaffi. Ni dai ban ga abin da ya lalace ba balle a gyara.

Talata, 21 ga Nuwamba

Sun zo. An buɗe taro da addu'a mai tsawo har ƙafata ta yi sanyi. Shugaban kwamiti ya ce yanzu zamanin Shari'a ne, adalci kawai suka zo yi. Sannan aka baje taswira.

Iyakar mazaɓarmu gulbi ce tun ina yaro, kowa ya sani. A sabuwar taswira layin ya biyo gulbi lafiya lau, da ya iso burtali, hanyar shanu, sai ya karkato, ya zagaye rugar Hammadu, ya koma gulbi abinsa. Kamar an gatsi gefen waina. An jefa ruga cikin mazaɓar Tudun Faru, can ƙetare. Na tambayi dalili, aka ce daidaita yawan jama'a ne.

Alhaji Halilu, attajirin garinmu, na zaune kusa da shugaban yana jan carbi. Ba ɗan kwamiti ba ne, ba kansila ba ne, amma kujerarsa ta fi tawa laushi. Babu wanda bai san abin da yake so ba. Fadamar mashaya yake so ya shinge ya zuba albasa, kuma nan ne kaɗai shanun ruga ke shan ruwa da rani. Muddin ruga na zaɓe a Dogon Marke, ba kansilan da zai bar shi ya kafa ko ƙaya ɗaya. In an fitar da su, shi ke nan, ba su da bakin magana.

Sai kowane kansila ya sa hannu a taswirar mazaɓarsa kafin a wuce da ita. Na miƙe na ce ba zan sa ba. Na faɗi har abin da ban yi niyya ba. Tir. Da addu'a fa aka buɗe!

Litinin, 27 ga Nuwamba

An ɗauki azumi. Alhaji Halilu ne a sahun gaba, amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙara.

Asabar, 2 ga Disamba

Na je gona na yi wa Hammadu bayani. Da sandarsa na zana masa a ƙasa, ga gulbi, ga burtali, ga inda layin ya lanƙwasa.

Ya ce, "To rugar za a ɗauka a kai ƙetare?" Na ce a'a, a takarda ne kawai. Ya ce, "In takarda ta, mi yad dame ka?"

Na ce da damina in gulbi ya cika, wa zai ƙetare ya je Tudun Faru kai kuka? Kansilan can ko sunanka bai sani ba. Kuma ranar da aka shinge mashaya, ƙofar wa za ka buga? Yana cikin kallon zanen wata saniya ta zo ta taka layin.

Can ya ce, "Mashaya guda muke da ita. Amma kai kana nan, ko?" Na ce ina nan, Ardo. Na ce hannun nan nawa ba zai taɓa takardar nan ba. Ya ce to madalla, ya koma wurin shanunsa hankali kwance. Yardar da ya yi da ni ta fi zagi nauyi.

Laraba, 10 ga Janairu, 2001

Yau na ga ƙarshen rashin kunya.

An kira mu, an baje sabuwar taswira. Ruga ta dawo cikin Dogon Marke. Har na fara murmushi, na ce ashe magana na da amfani. Sai na bi layin da yatsa. Ya baro gulbi, ya shigo gari ta bayan masallaci, ya bi lungunmu, ya zagaye gidana da na maƙwabta biyu, ya fice. An tsince ni kamar tsakuwa a shinkafa. Ni Rilwanu, da aka binne cibiyata a gidan nan, wai yanzu ɗan Tudun Faru ne. Wanda kuwa ba ya cikin mazaɓa ba ya tsayawa takara a cikinta.

Shugaban kwamiti yana murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe kansila, ai kai ka ce a bar ruga. Jama'a kuwa dole a daidaita." Ya ce ga taswira biyu nan, in zaɓi wadda zan sa wa hannu, suna jira har bayan Babbar Sallah.

Ko ruga ta fita, ko ni in fita. Da na fito na tofar da yawu a bakin ƙofa, masinja yana kallona.

Alhamis, 11 ga Janairu

Gwaggo, ƙanwar babana, gidanta na kallon nawa, lungu ne kawai tsakani. Ita layi ya bar ta a ciki. Da na gaya mata sai da ta riƙe haɓa.

"Yo kajina da ka kwana gidanka, su 'yan wace mazaɓa na?"

Na yi dariya ba don ina so ba. Ta ce in bar musu kujerar mana. Na ce Gwaggo ba ki gane siyasa ba. Ta ce, "Ban gane ba. Amma ubanka bai yi kansila ba, kuma ranar da anka kai shi, Hillani har daga Jangeru sunka taho."

Na tashi na ce ina da taro. Ba ni da wani taro.

Alhamis, 25 ga Janairu

Kasuwar Shinkafi. Na gamu da Mudi, kansila ne daga wajen Zurmi, tare muka yi firamare. Na zayyana masa komai ina huci, shi kuwa yana cin rake yana dariya. Ya ce tasa mazaɓar yanzu ta koma kamar igiyar guga, doguwa siririya, an bi gida-gida an kwaso masu sonsa an zubar da sauran. Da alfahari yake faɗi!

Ya ce, "Kowa ya sa hannu, malam. Kai kaɗai ka wa'azi."

An rufe gidajen caca, an fasa kwalaben giya, duk mun yi kabbara. Amma a zauna da biro a sace wa mutane mashayar dabbobinsu, wannan ba wanda ya kira shi sata. Raken da ya ba ni ma a mota na bar shi.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Alhaji Halilu da kansa ya zo gidana bayan la'asar. Ya tambayi lafiyar Gwaggo, ya yi wa babana addu'a. Ni kuwa ina ta noƙe-noƙen ladabi kamar ban san abin da ya kawo shi ba. Wannan ma ya ba ni haushin kaina.

Ya ce, "Rilwanu ɗana, in ka hita, wa za ya tsaya ma Hillanin naka? Wanda za ya gaje ka nawa na. Gara ka zamna ciki ka kare su." Ya ce shi bai taɓa cewa zai hana dabba ruwa ba, Allah ya kiyaye. Ya ce in na sa hannu, zaɓe mai zuwa ba ni da abokin hamayya.

Da ya tafi na sa aka kaɗe tabarmar da ya zauna. Sai dai maganar nan ta in na fita wa zai tsaya musu, tana ta yi mini yawo a kai. Ƙarya ce, na sani. Amma ba duka ba.

Jumu'a, 23 ga Fabrairu

Ban je gona ba yau ma.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Mairama ta kawo nono. Ummusalma, uwargidana, ta ce Ardo na tambaya ko lafiya, kwana biyu bai gan ni ba. Na ce ta ce aiki ya yi yawa. Ta dama fura da shi, na sha kaɗan na ture.

In ka duba da kyau, layi a takarda ba ya hana saniya shan ruwa. Shi ma Hammadu haka ya fara faɗi.

Litinin, 12 ga Maris

Na sa hannu. Taswira ta farkon, wadda ta fitar da ruga.

Birona ya ƙi rubutu, shugaban ya miƙo mini nasa. Alhaji Halilu ya ce masha Allah. An rufe taro da addu'a, ni ma na shafa.

Talata, 20 ga Maris

Mun yi kiciɓis da Hammadu a bakin burtali, ba hanyar kaucewa. Na shirya bayani tun tuni, yadda zan kare su daga ciki, yadda ba abin da zai canza. Bai bar ni na fara ba.

Ya ce, "Na ji an maida gidanka cikin gari, ɗan Bawa. Barka."

Ba zagi, ba ɗaga murya. Ya tambayi iyali, na tambayi shanu. Ya ce kara ya ƙare a gonata, gobe za su tashi. Kara bai ƙare ba, da idona na gani.

Asabar, 6 ga Oktoba

Ruwa ya janye, yaran Alhaji Halilu sun shinge fadama da ƙaya tun daga burtali har bakin gulbi. Wanda bai taɓa cewa zai hana dabba ruwa ba ke nan. Munafuki.

Laraba, 10 ga Oktoba

Hammadu ya zo ƙofar gidana, bai shiga zaure ba. Ya ce ya je sakatariya, an ce ruga ta Tudun Faru ce, ya bi ta hannun kansilansu. Ya ƙetare ya je Tudun Faru, kansilan can ya ce mashaya a ƙasar Dogon Marke take, ba ruwansa. Shi ne ya dawo wurina. Shanu sun fara wahala, sai an kora su nesa kafin su sha.

Na ce zan duba. Ya ce to.

Zan duba ɗin. Amma samarin gari da yawa sun samu aiki a albasar nan, kuma su ne masu ƙuri'a a nan yanzu. Ba a yin irin wannan da gaggawa. Sai an bi a hankali.

Talata, 13 ga Nuwamba

An kwashe dawa tun makon jiya. Kara na tsaye a gona, ba abin da ya taɓa shi. Ruga ta tashi, an ce sun yi wajen Jangeru, sai turaku da toka suka bari. Ba sallama.

Damin geron da na ware kamar kullum yana zaure. Gwaggo ta shigo neman kajinta, ta dube shi, ta dube ni, ta kora su ta fita. Ko gaisuwata ba ta amsa da kyau ba. Tsufa ne.

Alhaji ya ce zai sa a ba ni takin zamani in damina ta matso. An ce ma ya fi na shanu saurin aiki.

Shugaban kwamiti ya biyo ta sakatariya yau, akwai 'yan gyare-gyaren da suka rage. Mutumin kirki ne in ka saba da shi. Muna duba taswira na lura unguwar maƙera dab take da layi, su da ke ta zagina a kan maganar ruga, har suna cewa za su tsayar da nasu. Kaɗan za a lanƙwasa su faɗa Tudun Faru, jama'a ma ta ƙara daidaita. Na ɗora yatsa a wurin na ce ko zai yiwu.

Ban ce a yi ba. Tambaya kawai na yi.