Ƙafafun Tankin Masallacinmu

Litinin, 3 ga Maris, 2003

Na fito da na'urar auna kaurin ƙarfe daga ƙasan adaka. Shekara goma sha ɗaya rabona da ita, tun da na bar aikin duba bututun mai. Izunna mai kayan gyaran mota ya samo min batir, ta kama. Ban zata ba.

Tankin ruwan masallacin unguwarmu ne ya dame ni. Ƙafafunsa huɗu bututun ƙarfe ne. Tun da aka fara Shari'a sahu ya ƙaru, kuma a gindinsu kowa ke alwala. Wurin ba ya bushewa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na auna. A kankare fenti, a shafa giris, a ɗora bakin na'urar. Ita ce za ta tura sautin da kunne ba ya ji cikin ƙarfen, ya dawo, ta nuna kauri. Daidai ƙirjina milimita takwas, yadda aka ƙera shi. Kusa da ƙasa, uku. Ƙafar arewa biyu da ɗan kaɗan. Sau uku na maimaita, don in tabbatar. Tsatsar ta ciki take ci, ido ba zai gani ba.

Da na durƙusa kasa tashi na yi, sai da aka kama ni.

Juma'a, 14 ga Maris

Na sami Alhaji Dabo, shugaban kwamitin masallaci. Ya ƙwanƙwasa ƙafar da sandarsa. "Malam Kabo, ji ƙara! Ai ƙarfen nan ya fi ni da kai lafiya." Aka yi dariya. Na ce a daina cika tankin, a mayar da alwala gefen katanga, a kira mai walda.

"Za mu duba, in sha Allahu."

Na san irin wannan dubawar.

Asabar, 22 ga Maris

Ciwon ƙirji. Kwana huɗu ban fita ba. Ba wanda ya leƙo.

Talata, 1 ga Afrilu

Sun yi wa tankin koren fenti. Sun kuma zuba siminti kewaye da ƙafafun har gwiwa, daidai inda na auna. Yanzu ruwa zai kwanta tsakanin siminti da ƙarfe, ni kuma ba ni da inda zan ɗora na'ura.

Dabo ya tare ni da fara'a. "To, Injiniya, mun yi maganin tsatsarka. Don Allah kada ka sake kankare mana fenti." Da zuciya ɗaya ya faɗa. Shi ne abin da ya fi min ciwo.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na kai takarda ƙaramar hukuma, da lambobin duka. Wanda ya karɓa ya yaba rubutun hannuna.

Simintin ya zama dakali. Dattawa shida na ƙirga a kai, a inuwar tankin da aka cika jiya.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Ba amsa.

Bayan la'asar ina wucewa Dabo ya ce, "Haba Malam, rana za ta kayar da kai. Matso inuwa." Ƙafafuna ne suka gaji, shi ya sa na matsa. Aka tsaga min goro, aka yi ta musu a kan farashin raguna a Mashi, har na sa baki. Tun rasuwar matata Hadiyya ban yi dariya da mutane ba.

Ta ɓangaren kudu na zauna. Ban ɗaga kai ba ko sau ɗaya.

Sun ce gobe in zo da wuri, kafin wani ya riga ni wurin.