Lambar Lura

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, aiki ba laifi.

Ran Lahadi muna wani wasa a ɗakin cin abincin ma'aikata. Shugaban sashenmu ke ba da labari, mu ne jaruman, muna jefa ɗan lido. Kowane jarumi yana da lambar lura, wato makin kaifin idonsa. Ita ba a jefa mata komai, shugaban ke duba ta a ɓoye. In ta kai adadin da ake buƙata, ya ce ka hango tarko. In ba ta kai ba, ya yi shiru ka afka.

Tawa ta fi ta kowa, amma sau uku ina faɗawa rami. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ayya, ba ka lura ba."

Wallahi na lura, Yaya. Na lura abokan aikina suna yin tsit in na shigo. Na lura ƙanin shugaban yana koyon injin da nake aiki da shi.

Kada Inna ta ji, ki dai sa ni a addu'a. Lahadi zan koma in faɗa ramin ina dariya. Gara ya ɗauka ba na gani, har in sami wani wurin aikin.

Ƙaninki