Azumin Da Muka Yaba

Bunkure,
9 ga Maris, 2004.

Zuwa ga maigidana Malam Sammani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya zafin Ikko, ya kasuwar tumatir? Mu nan lafiya lau. Iya tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi. An sako ruwa a kanal, albasarka ta sha, sai ka kwantar da hankalinka.

Saƙon da ka bai wa Datti direba ya iso. Hijabin ya yi wa babbar 'yarka yawa, ku maza dai ba ku san awo ba. Na aika mata cewa tukuicin azumin nafilar da take yi ne, kamar yadda ka ce. Yanzu ma ta wuce Litinin da Alhamis, yau ta ɗauka, gobe ta sha. Mata sai sa mata albarka suke yi. Ni ba na tankawa tunda 'yar fari ce, amma a raina daɗi nake ji. Ta ɗan faɗa, na ce ko tsayi take yi.

Allah ya ba da kasuwa.

Taka,
Saude.

Bunkure,
21 ga Yuli, 2004.

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya ruwa? Ban so in tayar maka da hankali ba, amma ɓoyewar ta isa haka.

Ranar Asabar yarinyar nan ta yanke jiki ta faɗi a bakin kanal tana wanki, mata ne suka ɗauko ta. Da na kama hannunta, kamar karan dawa na riƙe. Gashinta yana zuba, tana rawar ɗari da rana tsaka, kuma ashe wata huɗu ke nan al'adarta ta ɗauke. Ban san ko ɗaya ba. Ta yaya zan sani? Tun yaye a ɗakin kakarta Iya take ci take kwana. Kwano nake aikawa, ya dawo wayam, in ce an ci. Ashe awaki take juye wa a bayan rumbu, Iya kuma idonta ba ya gani sosai.

Iya ta ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, shiru. Ni kuma ka san halina. Na tsare ta da kwanon tuwo, na rantse ba za ta tashi ba sai ta cinye. Ta cinye tana hawaye, ta zaga banɗaki ta amayar da shi duka. Tun ranar ko inuwata ta hango sai ta sake hanya. Wallahi na yi nadamar wannan rantsuwa.

Gobe ni da ƙanwarka Sa'a za mu kai ta asibiti Kano. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Saude.

Bunkure,
28 ga Satumba, 2004.

Malam,

Assalamu alaikum. Da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da mutanen rumfarku. Na ga takardarka, na ga kuma faɗan da ka yi cewa taurin kai ne. Ni ma haka na ɗauka, don haka ba zan ga laifinka ba, amma ka karanta wannan a zaune.

Kwana goma sha tara muka yi a kwance, yanzu duk bayan sati biyu muke komawa. Likitar mace ce mai haƙuri. Ta ce ciwo ne sananne da yake kama tunani kafin ya kama jiki. Mai shi yana tsoron abinci da gaske, yana kallon kansa da ƙiba ko da ƙashi ne kawai ya rage, kuma yana kisa idan aka yi sake. Ta ce duka da dole ƙara shi suke yi.

Sai ta tambaye ta yaushe abin ya fara. Ni ina zaune a gefe, ina jira in ji an ambaci 'yan makarantarsu. Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce tun bara da kaka, ranar da muke turara shinkafa a tsakar gida. Nan take na tuna. Mata suna yaba ta, wai ta cika ta yi kyau. Ni kuma kunya ta kama ni, don a garin nan wa ke amsa yabon 'yar fari? Sai na ce su daina zuga wannan buhun, ba abin da ta iya sai ci. Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ni ban ƙara tuna maganar ba, ita kuwa da ita ta wuni ta kwana shekara guda. Likitar ta ce kada in ɗora wa kaina laifin duka, ciwon ba daga magana ɗaya yake fitowa ba. Na ji ta, amma ni na san bakin da maganar ta fito.

Malam, shekara goma sha shida ban kira sunanta ba, ban zauna kwano ɗaya da ita ba, ina ganin kirki nake yi. Yanzu na ajiye wannan. Rauda nake ce mata a gaban kowa, Iya ta yi ta salati har ta gaji. Sau biyar a rana muke zama ni da ita, kunu, ƙosai, 'yar shinkafa da wake. An hana ni ƙirga mata loma, an hana ni cewa ta rame ko ta murmure, kai ma ka kiyaye wannan ranar da ka iso. Wata rana ta ci, wata rana mu wuni muna kallon kwano. Shekaranjiya ma sai da ta koma baya.

Ga abin da ya sa na rubuto. Azumi saura sati biyu da 'yan kwanaki. Likita ta ce bana kada ta yi ko ɗaya, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Sa'a ta tambayi limamin unguwa, ya ce mara lafiya ce, ta sha, ta rama in ta warke. Na faɗa mata duka, sai ta sa kuka. Ta ce a duk abin da ta taɓa yi a gidan nan, azumin nan ne kaɗai Baba ya aiko ya ce ya ji daɗi, ba za ta ba ka kunya ba.

Ka bar rumfar a hannun wani, ka biyo Datti kafin a ga wata. Takarda ba za ta yi ba. Ka zo ka zauna a gabanta, ka ce mata da bakinka ta ci.

Iya da yara suna gaishe ka. Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Saude.